Da Me Sauro Ke Gano Mutum Cikin Duhu? Amsoshin Tambayoyinku

Damina ta kankama, kuma yawancin wasiƙun da ke zuwa wannan fili a kan sauro suke. Mun ware waɗanda suka shafi abu guda, wato yadda sauro ke bin wari har ya iso jikin mutum. An taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Ina kashe fitila ɗaki ya yi duhu ƙirin, amma ba a jima sai in ji kukan sauro a kunnena. Da me yake ganina? (Wani ɗalibi, Maraɗi)

Amsa: Ba ganinka ake fara yi ba, sansano ka ake yi. Kuma mace ce, domin namijin sauro ba ya cizo, ruwan furanni ya ishe shi. Macen ce ke buƙatar jini don ƙwan da ke cikinta ya ƙosa.

Abin da ke fara tona asirinka numfashinka ne. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da kabon dayoksaid kusan kashi 0.04 cikin 100, wadda muke fitarwa kuwa kusan kashi 4, wato ninki ɗari. A gefen tsinken bakin sauro akwai wasu 'yan gaɓoɓi biyu da ke jin wannan iska, kuma ɗan ƙari kaɗan ya isa ya tashe ta daga bangon da ta maƙale. Numfashi ba ya tafiya a miƙe, iska ce ke yayyaga shi kamar hayaƙin tukubar mai tsire. Idan ta ci karo da shi sai ta tunkari inda iskar ke fitowa. Idan ya ɓace mata sai ta dinga shawagi hagu da dama har ta sake kama shi. Masu bincike a jami'ar Caltech ta Amurka sun ƙiyasta a 2015 cewa wannan na iya farawa daga nisan mita 10 zuwa 50.

Daga mita 5 zuwa 15 ido kan shigo, idan akwai ɗan haske. Numfashin ne ke buɗe mata ido: kafin ta ji shi ba ruwanta da baƙin abu, bayan ta ji shi sai ta nufi duk abin da ya yi duhu a gabanta. Idan ta zo dab da kai, warin fata ne ke aiki, wanda take ji da eriyoyi biyu da ke kanta. A ƙasa da mita ɗaya ɗumin jiki da laimar gumi su nuna mata inda za ta sauka, sannan ta ɗanɗana fatar da ƙafafunta kafin ta soka baki.

Numfashi ba ya bambanta mutum da akuya, warin fata ne ke bambantawa. Wani abin lura kuma, toshe hanya ɗaya ba ya tsayar da ita. A 2014 masana a Jami'ar Rockefeller sun samar da sauron da ba ya jin kabon dayoksaid sam, aka sake shi a wani babban keji da mutum a ciki, amma gano mutumin bai ragu ba sai da kusan kashi 15. Shi ya sa duk wanda ya zo maka da dabara guda ya ce ta gama da sauro, ka yi shakka.

Kukan kunne kuwa, kan mutum ne wurin da numfashi ke fita, shi ne kuma ba a lulluɓewa. A birane mai yawan kukan nan galibi irin sauron da ake kira Kuleks ce, ta kwata, ba ita ke kawo maleriya ba. Anofilis ce ke kawo ta, ta fi cizo daga tsakar dare zuwa asuba.

Tambaya: Ni da maigidana ɗaki ɗaya muke kwana, amma ni kaɗai ke tashi da ƙuraje. Ana ce mini jinina ne ya fi zaƙi, ko don rukunin O ne. Gaskiya ne? (Wata uwargida, Zariya)

Amsa: Hajiya, bambancin gaskiya ne, dalilin da aka ba ki ne ba daidai ba. Sauro ya riga ya zaɓe ki kafin ya ɗanɗana jininki, don haka zaƙi bai shigo ba. Batun rukunin O ya samo asali daga wasu ƙananan gwaje-gwaje, wasu kuma sun ba da sakamakon da ya saɓa musu. Ba mu ɗora komai a kansa.

Inda hujja take shi ne maiƙon fata da ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a kanta. Gumin da ya fito yanzu warinsa kaɗan ne. Bakteriya ce ke cin gumi da maiƙo ta fitar da sinadarai masu tashi a iska. An gwada a Jami'ar Wageningen ta Holan a 1999: gumin da aka ajiye kwana ɗaya ko biyu ya ja Anofilis, sabo kuwa bai ja ba. A 2022 aka buga wani gwaji daga Rockefeller inda mutum 64 suka sa safar nailan a hannu don ta kwashi warinsu, aka riƙa gwada safa biyu-biyu a gaban sauro. Mutum guda ya fi na ƙarshen jerin jan sauro kusan sau 100. Da aka duba fatar masu ja, sai aka samu suna da yawan wasu asid masu maiƙo da ake kira kaboksilik. An sake gwada wasunsu bayan shekaru, matsayinsu bai canja ba. Gado ma yana ciki: a Landan a 2015 an ga tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya suna jan sauro kusan daidai da juna, fiye da sauran tagwaye.

A Macha ta Zambiya an yi gwajin a buɗaɗɗen wuri. An gina kejin raga mai mita 20 kowane gefe, mutum 6 suna barci a tantuna a kewaye, fanka na tura warin kowa ta bututu zuwa faranti mai ɗumin digiri 35. Dare bayan dare mutum ɗaya Anofilis ta fi bi, wani kuma da ƙyar take kula shi.

Sai dai kada maigida ya saki jiki. Ƙuraje martanin jiki ne ga yawun sauro, kuma akwai wanda ake cizo ba ya kumbura. Rashin ƙaiƙayi ba shaidar rashin cizo ba ne. Ranar da kuma ba kya ɗakin, shi ne abincin.

Wanka yana rage warin na 'yan sa'o'i, ba ya kawar da shi. Sabulu mai ƙamshin furanni ma na iya ƙara jan sauro ga wasu mutane, kamar yadda wani ƙaramin gwaji a Amurka ya nuna a 2023. Wanka da dare da sabulu marar ƙamshi ya fi.

Tambaya: Aikin gadi nake yi. Duk cizon a idon sawu da bayan ƙafa yake, ko da hannuna a buɗe. (Wani mai gadi, Kano)

Amsa: Malam, Anofilis gambiye, babbar mai yaɗa maleriya a Afirka, tana son warin ƙafa. Masana biyu 'yan Holan, Bart Knols da Ruurd de Jong, sun zaunar da mutum a gaban wannan sauro a tsakiyar shekarun 1990, suka ga yawancin cizon a ƙafa yake. Da aka wanke ƙafar da sabulu mai kashe bakteriya, cizon ya watsu zuwa sauran jiki. Daga nan suka gwada wani cuku mai ɗoyi da ake kira Limburger, wanda bakteriyar da ke nunar da shi dangin ta tsakanin yatsun ƙafa ce, sauron ya bi shi. Aikin ya samo musu kyautar Ig Nobel a 2006, wadda ake ba binciken da ke sa dariya kafin ya sa tunani. Ban da wari, wannan sauro ƙasa-ƙasa yake tashi, abin da ya fi kusa da ƙasa shi yake fara samu.

Abin yi: ka wanke ƙafa da sabulu kafin fara aiki, har tsakanin yatsu, ka tsane ta sosai. Ka sa wankakkiyar safa mai kauri da takalmi rufaffe, ka cusa ƙafar wando cikin safar. Safar jiya tarko ce, masu bincike ma da safar da aka sa suke ɗana tarkon sauro. Siririyar safa mai manne wa fata ba ta hana tsinken baki shiga, sai ka shafa man korar sauro a kanta da idon sawu.

Tambaya: Tun da na samu juna biyu sauro ya addabe ni. Ko zato ne kawai? (Wata mai karatu, Gusau)

Amsa: Ba zato ba ne, 'yar'uwa. A Gambiya an kwatanta mata 36 masu ciki da 36 marasa ciki, kowacce ita kaɗai a bukka cikin gidan sauro, aka buga sakamakon a 2000. Masu cikin sun ja Anofilis ninki biyu. Masu tsohon ciki suna fitar da numfashi fiye da saura da kashi 21, fatar cikinsu ta fi ɗumi da digiri 0.7, sannan suna yawan fita daga gidan sauro da dare don fitsari. Wannan na ƙarshe shi ne wanda za ki iya gyarawa: ki ajiye fo kusa, ki mayar da gefen gidan sauron ƙarƙashin katifa duk lokacin da kika fita ko kika dawo. A wurin awo ki karɓi maganin rigakafin maleriya na SP daga wata na huɗu, aƙalla sau 3, da tazarar wata guda tsakani.

Haka abin yake ga mai ɗauke da ƙwayar cutar. A Kenya a 2005 an ga yaran da ke da ƙwayar a matakin da take iya shiga sauro suna jan sa kusan ninki biyu, bayan an yi musu magani bambancin ya ɓace. Cutar ce ke sauya warin jiki don ta samu mai ɗaukar ta. Saboda haka yaro mai zazzaɓi shi ya fi kowa cancantar gidan sauro a gidan, don kare shi da kare 'yan'uwansa.

Tambaya: Cin tafarnuwa ko shan bitamin B na korar sauro? Akwai kuma manhajar waya mai ƙara da ake talla. (Wani matashi, Kumasi)

Amsa: An gwada tafarnuwa, an gwada bitamin B, babu wanda ya rage cizo. Na'urori masu ƙara ma an tattara gwaje-gwajensu a 2007, ba su kori komai ba. Abin sha da aka ga ya yi tasiri akasin haka ya yi: a Burkina Faso a 2010 waɗanda suka sha giyar dawa sun fi jan Anofilis bayan sha, masu shan ruwa kuwa ba su canja ba.

Tambaya: Mu bawon lemo da ganyen darbejiya muke ƙonawa, wani lokaci igiyar leko. Ya isa, ko sai mun sayi man shafawa? (Wata uwa, Azare)

Amsa: Hayaƙi yana aiki muddin yana tashi. Yana rikita warin mutum, wasu itatuwan kuma suna da mai da sauro ba ya so. Matsalar ita ce lokaci: garwashi ya mutu kafin sha biyun dare, Anofilis kuma lokacin take fitowa. A Gambiya suna ƙona ɓawon itacen da muke kira maje. Yana rage cizon sauro, amma binciken 1987 ya nuna yaran gidajen da ke ƙona shi sun kamu da maleriya daidai da na gidajen da ba sa yi. Hayaƙin hira ne da yamma a tsakar gida, ba na kwana ba.

Igiyar leko tana da maganin ƙwari, ta fi ganye. Amma wani awo na 2003 ya nuna ƙurar hayaƙin guda ɗaya ta kai ta taba sigari 75 zuwa 137. A kunna ta a baranda ko da taga a buɗe, ta ɓangaren da iska ke shigowa, nesa da labule da katifa. Ba a rufe ɗaki da ita a kan jariri ko mai asma. Fiya-fiya kuwa gubar gona ce, ba ta da wuri a ɗakin kwana.

Man shafawa a duba bayan kwalba, ba hoton gaba ba. A nemi mai sinadarin korar sauro da ake kira DEET kashi 20 zuwa 30, ko wanda ake kira picaridin kashi 20. A gwajin 2002 a Amurka, DEET mai kashi 23.8 ya kare mutum kusan sa'a 5, masu man sitronela ba su wuce minti 20 ba, abin ɗaurawa a wuyan hannu kuwa bai yi komai ba. A wurin Anofilis, DEET yana danne sinadaran fata ne kada su tashi, sannan idan ta sauka ƙafafunta su ji shi ta tashi. Wannan ya bayyana kuskuren da aka fi yi: a ɗan ɗiga nan da can kamar turare. Duk inda man bai taɓa ba a buɗe yake, za ta same shi. A shafa siriri amma ya game duk fatar da ke waje, ban da ido, baki, rauni da ƙarƙashin tufafi. Alwala tana wanke shi daga hannu, fuska da ƙafa, wato daidai inda ake buƙatarsa, sai a sake shafawa bayan alwalar isha'i. Ga yaro, babba ya zuba a tafinsa ya shafa masa, kada a sa a tafin yaron don zai kai baki. Ba a shafa wa jaririn da bai kai wata 2 ba, mai man lemon yukaliftus kuma sai yaro ya kai shekara 3. DEET yana cin roba, a kula da gilashin ido da agogo.

Tambaya: An ce in ɗaure shanu kusa da ɗaki sauro zai bar mu ya koma kansu. (Wani makiyayi, Hadeja)

Amsa: Ya danganta da irin sauron, Malam. Anofilis arabiyensis, wadda ta yawaita a busassun wurare, tana cin shanu tana cin mutum. Gambiye kuwa mutum take nema ko da garke na gefe. Saniya ta fi mutum numfashi nesa ba kusa ba, don haka tana kiran sauro daga nesa, idan ta kwana jikin bango ta kawo maka shi ƙofa. Sawun kofato da ruwa ya kwanta a ciki kuma wurin ƙyanƙyasa ne. Garke ya yi nesa da ɗaki, ta ɓangaren fadama ko kududdufi, ya tare sauro kafin ya iso. Halin Anofilis an san shi a ƙasarku tun aikin Garki na 1969 zuwa 1976, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi da gwamnatin Najeriya: an fesa magani a bangon ɗakuna sauro ya ragu ƙwarai, amma cutar ba ta yanke ba, ɗaya daga dalilan shi ne wani kaso yana cizo ya fita ya huta a waje.

Tambaya: Muna da gidan sauro, ƙofa da taga a rufe, amma da safe sai mu ga sauro cike da jini a ciki. Ta ina? (Wani magidanci, Damagaram)

Amsa: Ka ɗaga kai ka dubi tsakanin bango da rufi. Iskar da ta ɗumama da jikin masu barci sama take yi, ta fita ta wannan rata ɗauke da warinsu. Anofilis idan ta iso bango sama take bi, sai ta tarar da ƙofar da warin ya buɗe mata. A toshe ratar da laka ko siminti, ko a buga silin. A yankin Farafenni na Gambiya an gwada gidaje 500: waɗanda aka toshe ratar aka sa wa ƙofa da taga raga, shigar sauro ta ragu da kashi 59, ƙarancin jini a yara ya ragu da kusan rabi. A ƙauyukan Bouaké na Kodebuwa an juya dabarar: an toshe ratar aka bar bututu masu raga mai magani, warin gida ya kira sauro ya sauka a kan guba, maleriyar yara ta ragu da kashi 38.

Kada a rufe ɗaki ruf. Zafi zai hana shiga gidan sauro, numfashi kuma ya taru ya yi ƙarfi. Taga biyu masu raga suna kallon juna sun fi, iska ta ratsa ta tsinka warin. Fanka ma haka, ga shi sauro ba ya iya tashi cikin iska mai ƙarfi.

Shi kansa gidan sauron, masana a Libaful sun ɗauki hotonsa da kyamara mai gani cikin duhu a 2015, suka ga yawancin sauro a rufinsa yake taruwa, daidai saman mai barci, don nan warin ke fita. Ƙaramin rami a sama ya fi na gefe haɗari, kuma shi ne ba a dubawa. Da rana ka shiga ciki ka kalli sama, duk inda ka ga huda ka ɗinke ko ka ƙulle. Gidan sauro mai magani tarko ne, kai ne abin jan, shi ya sa kula da maganin ke da muhimmanci: sabo a shanya shi a inuwa sa'a 24 kafin amfani, a wanke da sabulun sanda ba garin wanki ko bilic ba, a shanya a inuwa. Yana jure wanki kusan 20 ko shekara 3. Gwiwa ko hannun da ya jingina da raga ana cizonsa ta waje.

Tambaya: Akwai wani sauro mai zanen fari a ƙafa da ke cizonmu da rana tsaka. (Wata malama, Nyala)

Amsa: Edis ke nan, mai yaɗa shawara da dengi. Ta fi cizo da hantsi da la'asar, don haka gidan sauro na kare mai barcin rana ne kawai. Binciken Jami'ar Princeton na 2020 a wurare 27 na Afirka ya gano cewa wadda ta fi nacewa warin mutum ita ce ta yankin Sahel, inda rani ke da tsawo kuma babu ruwa sai wanda mutane suka ajiye. A randa, duro da tsohuwar taya take ƙwai. Ƙwan yana manne a jikin mazubi yana jure bushewa watanni, don haka zubar da ruwa bai isa ba: a goge cikin da soso kowane mako, a rufe da murfi mai kamawa. Fararen kaya masu yalwa sun fi baƙi da ja.

Tambaya: Na ga bidiyon tarkon gora da sukari da yis. Yana aiki? (Wani mai shago, Garwa)

Amsa: Tushensa daidai ne, yis na cin sukari ya fitar da kabon dayoksaid. Amma babban mutum a zaune yana fitar da kusan mililita 200 zuwa 250 kowane minti, ƙaramar gora ba ta kusa da haka, ba ta da ɗumi, ba ta da warin fata, ba ta da abin da zai zuƙe sauron ciki. Idan kai da gorar kuna ɗaki ɗaya, kai za a zaɓa. Tarkon da ya yi aiki shi ne na tsibirin Rusinga a Kenya, daga 2012 zuwa 2015: gidaje sama da 4,000, kowanne da tarko a waje mai fanka da sola da haɗin sinadarai 5 masu kwaikwayon warin mutum. Irin Anofilis da ake kira funestus ta ragu da kusan kashi 70, masu ɗauke da cutar da kusan kashi 30, kuma ba a daina kwana cikin gidan sauro ba. Idan za ka gwada gorar, ka ajiye ta a waje nesa da inda ake kwana, ka rataya safar da aka wuni da ita a bakinta, ka sauya haɗin kullum domin yis yana yin sanyi da zarar sukarin ya ragu.